Gani Ya Kori Ji: Ni Da Kyamarata A Filin Kiɗa

Duk wanda ya san Alhaji Mamman Shata ta akwatin rediyo ko ta kaset kaɗai, to ya yi haƙuri in na ce masa rabin Shata ya sani. Muryar dai ita ce, kalangun ma su ne, amma akwai abubuwan da kunne ba ya kamawa komai kaifinsa. Sai ka kalli hotunan da gidajen talabijin suka ɗauke shi yana cikin wasa sannan za ka ga yadda yake waiwayawa ya dubi makaɗansa, da yadda yake nuna mutum a cikin taro, da yadda wanda aka nuna ɗin yake tasowa yana laluben aljihu. Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka rufe, amma ya yi sa'a, domin kyamara ta riske shi da ransa da lafiyarsa. Haka ma Ɗanmaraya Jos da ya rasu a 2015, da Barmani Coge ta Funtuwa da ta rasu a 2013. Ibrahim Narambaɗa kuwa, wanda ya bar duniya tun farkon shekarun 1960, yawancinmu murya kawai muka gada, kowa sai dai ya zana kamanninsa a zuci.

To waɗannan fa manya ke nan, waɗanda sarakuna da gwamnoni suka sani, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Ina ga mai gangar noma na Lausu, ko mai kalangun mahauta na Kibiya, ko tsohuwar da ke kiɗan ƙwarya a gidajen suna a Rurum? Tun da na yi wayo ban taɓa ganin motar wani gidan talabijin ta tsaya a ƙofar ɗayansu ba. Suna yin wasansu, a yi sowa, a yi liƙi, a watse, iska ta kwashe. Wannan ne ya sa ni, malamin makarantar sakandare da ba ya kiɗa ba ya waƙa, na shafe fiye da shekara ashirin ina bin su da kyamara a kafaɗa. Hausawa dai sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Mu da muka tashi a shekarun 1990 mun ga shigowar bidiyo ƙauyukanmu da idonmu. Da fari a gidan kallo muka san shi, ɗaki ɗaya da benci da janareta, ana nuna finafinan Indiya da na Cana. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lasafta shi a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi a kaset don sayarwa, daga nan kuma ƙofa ta buɗe. Kafin a ce kwabo kyamara ta rabu gida biyu: wasu suna shirya fim da ita, wasu suna ɗaukar biki da suna da saukar karatu a biya su. Na lura tun a lokacin cewa duka ɓangarorin biyu ba ruwansu da makaɗi. Masu fim, da tafiya ta yi tafiya, sai suka rungumi fiyano. Masu ɗaukar biki kuwa amarya da ango da manyan baƙi ne gabansu, makaɗi sai dai ya faɗo cikin hoto bisa tsautsayi.

A 2004, ban daɗe da kama aikin koyarwa ba, na sayi kyamarata ta farko a Sabon Garin Kano, a hannun wani mai ɗaukar biki da ya koma amfani da ƙanana na zamani. Panasonic ce M9000, irin mai cin babban kaset na VHS, wadda ake saɓawa a kafaɗa kamar an ɗauko ɗan akuya. Ta cinye mini kusan albashin wata uku. Kaset guda yana ɗaukar awa uku, batir kuwa ba ya kai ko rabin haka, saboda haka sai na haɗa da batirin mota da waya mai tsawo, wani ɗan ƙanena yana biye da ni da shi a kan keke. Wanda ya gan mu daga nesa sai ya ɗauka masu allurar shanu ne.

Ba wanda ya koya mini aikin, fili ne ya koya mini, kuma abin da ya fara koya mini shi ne sauti ya fi hoto wuyar kamawa. Makirufon da ke jikin kyamara ba shi da zaɓi, abin da ya fi kusa da shi shi yake ɗauka. In ka tsaya gaban lasifika, ba abin da za ka kawo gida sai gurnani. In ka tsaya bayan makaɗa, ganga ta danne muryar mawaƙi. In ka shiga cikin 'yan kallo, to hirar mutum biyu a kan farashin taki za ka ji daga farko har ƙarshe. Wurin da ya fi dacewa shi ne gefe ɗaya, tsakanin mawaƙi da 'yan amshinsa, inda za ka ji shi, ka ji su, ka kuma ga hannun makaɗa. Amma wannan wuri kowa ma shi yake so, har da sanƙira da masu liƙi da yaran gari, saboda haka dole ka riga kowa zuwa, ka kafa sandarka mai ƙafa uku, ka tsaya kamar an dasa ka. Sai kuma haske. Wasan dare in ba fitila mai ƙarfi, hoton duk ya zama toka, fuskoki su ɓace, sai fararen riguna kawai suna yawo. In ka kunna fitilar kuma, ƙwari su taru, mutane su riƙa kare ido suna tsaki. Ni dai wasan la'asar na fi so, daga bayan salla zuwa faɗuwar rana, lokacin da haske yake kwanciya a jikin mutane, ƙurar da masu rawa ke tayarwa ta yi ja. Ita wannan ƙura kuma, musamman da hunturu, ita ce babbar abokiyar gabar kyamara, don takan shiga ta toshe kan da ke karanta zaren kaset, hoton ya riƙa yin zane-zane. Kowane dawowa sai na zauna da farar takarda da ɗan sifirit ina gogewa a hankali.

Amma duk wannan ƙaramin abu ne. Babban abin da ya raba ni da mai ɗaukar biki shi ne ni ba na kashe kyamara. Shi yana tattalin kaset, kuma ya san abin da mai biki zai biya kuɗi ya gani, saboda haka sai ya ɗauki minti biyu na waƙa, ya yanke, ya juya kan uwar amarya, ya yanke, ya koma kan kwanukan abinci. In ya je haɗawa kuma ya shafe kiɗan filin gaba ɗaya ya ɗora waƙar fim a kai, sai ka ga mutum yana kaɗa kalangu amma fiyano kake ji. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa yake yi. Ni kuwa in mawaƙi ya ɗauko waƙa, ba na taɓa maɓalli sai ya dire ta, ko da za ta kai minti arba'in.

Dalilina shi ne waƙar baka ba a gida ake gama ta a kawo fili ba. Masu nazari, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka, sun nuna mana cewa waƙa tana da gindi tana da 'ya'ya. Gindin yana nan daram, 'yan amshi suna riƙe da shi, amma 'ya'yan a filin ake haifar da yawa daga cikinsu. Na ɗauki wani mawaƙin noma yana waƙa ɗaya a wurare uku cikin damina ɗaya, a Lausu da Saji da wani ƙauye a ƙasar Kibiya, da na jera kasusuwan na kalla sai na ga waƙoƙi uku ne masu gindi ɗaya. A wurin gayyar farko ya daɗe a kan kirarin mai gona. A ta biyu wani saurayi ya fara ja da baya a kunya, nan take aka saka shi a waƙa, aka ambaci kakansa da yadda yake noma a zamaninsa, sai ga yaro ya sunkuya ya kama fartanya kamar an zuba masa wuta. Wanda ya ji wannan a kaset ɗin rediyo zai ji an ambaci wani suna, an yi ihu, shi ke nan. A bidiyo kuwa za ka ga dalilin ihun. Za ka ga sanƙira ya matso ya raɗa wa mawaƙi sunan baƙon da ya iso yanzu, ka ga mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata ya sassauta, ganga tana faɗin taken mutum tun kafin baki ya faɗa, ka ga dattawa sun gane sun yi murmushi, yara kuwa ba su san an yi magana ba. Wannan duka waƙa ce, kuma in ka yanke ta gutsure-gutsure ka kashe ta.

Akwai wani abu da ya kamata mai sha'awar wannan aiki ya sani, wato kyamara ba ta shiga fili ta bar shi yadda ta same shi. Da zarar an gan ta, masu rawa su juyo suna fuskantar ta, mai liƙin da ya yi niyyar ba da ashirin ya ba da hamsin yana ɗaga takardar sama. Su kansu mawaƙan sukan saka ni a waƙa, Malam mai hoto kaza da kaza, ga shi hannuna biyu suna riƙe da kaya balle in yi liƙi in huta. Maganin wannan haƙuri ne kawai. Bayan kamar awa ɗaya mutane sukan gaji da kai, su manta kana nan, wasa ya koma na masu shi. Shi ya sa mafi kyawun abin da ke cikin kasusuwana yawanci yana can wajen ƙarshe.

Ban ce kowa ya yi murna da wannan sha'awa tawa ba. Mun san matsayin da al'ummarmu ta ajiye makaɗa da maroƙa: ana son su ranar biki, amma in ɗayansu ya zo neman aure sai a fara tari. Wani shugaban makaranta da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya taɓa kirana ofis ya ce, "Malam, an ce an gan ka jiya a wurin kiɗan 'yan tauri har bayan magariba. Yaranmu fa suna ganinka." Na ce, "Ranka ya daɗe, sun gan ni, don kuwa rabinsu suna wurin." Na ƙara da cewa waƙoƙin baka suna cikin abin da muke koya musu a darasin Hausa, muna sa su haddace sunayen kayan kiɗa, kotso da taushi da jauje da kuntigi da gurmi, alhali da yawansu ba su taɓa ganin ko ɗaya ba sai zanen alli a allo. Bai ce komai ba, amma bai sake sa ni cikin masu rakiyar ɗalibai zuwa musabaƙa ba. Ni kuma na ci gaba da kai talabijin aji duk lokacin da aka samu man janareta.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne tambayar wa ke da hoton. Tun farko na ɗaukar wa kaina ƙa'ida: ba na ɗaukar makaɗi sai na gaishe shi na nemi izini, kuma duk wanda na ɗauka sai na kai masa kwafi, ban kuma taɓa sayar da kaset ko ɗaya ba. Wasan mata, irin kiɗan ƙwarya na cikin gida, ba na shiga. Ƙanwata na koya wa riƙon kyamara, ita take ɗauka in matan sun yarda, kuma waɗannan kasusuwa ba sa fita daga ɗakina. Duk da haka magana ba ta ƙarewa. Wani bawan Allah ya taɓa yi mini sallama da daddare, bayan mun gaisa ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce a wani wasa da na ɗauka shekaru takwas da suka wuce akwai inda ya fito yana rawa yana watsa kuɗi, yanzu kuwa shi ne ke jan salla a masallacin unguwarsu, kuma 'yarsa ta isa aure. Yana so in goge. Na ce masa gogewa za ta tafi da waƙar mutum guda wanda ya riga ya rasu, amma na yi masa alkawari ba mai ganin wannan kaset muddin yana raye sai da izininsa. Na rubuta haka a jikin kwalin a gabansa. Har yau yana nan a ƙasan akwati, kuma duk sanda muka haɗu a kasuwa sai ya riƙe hannuna ya daɗe yana tambayar iyali.

Ranar da na san wannan wahala ba ta banza ba ce ita ce ranar da wani saurayi ya zo daga wajen Kibiya a kan babur. Mahaifinsa mai kalangu ne, na ɗauke shi sau biyu, a 2006 da 2009, ya rasu yaron yana ƙarami, aka rataye kalangun a ɗaki har fatar ta bushe. Ya ce, "Malam, an ce kana da hoton Baba." Na ɗauka fuskar yake son gani. Da na kunna, sai na ga ba fuska yake kallo ba, hannu yake kallo. Ya ce in mayar baya, na mayar, ya sake cewa in mayar, har sau wajen goma a wuri ɗaya, yana matse hammatarsa yana kaɗa yatsa a gwiwa. Ashe wani take ne na mahauta da ya ji tsofaffi suna cewa ba wanda ya iya shi kamar ubansa, ya tambayi makaɗa biyu kowa ya kaɗa masa daban. Ya yi zuwa huɗu. Ban san ko ya kai uban ba, ni ba makaɗi ba ne, amma na gan shi bara a wani biki, kuma na ga wani tsohon mahauci ya ajiye abin da ke hannunsa ya miƙe tsaye.

Yau abubuwa sun sauya. Yawancin bukukuwan da ake yi a ƙasar Rano DJ ake ɗaukowa da manyan lasifikoki, don ya fi araha kuma shi matasa suke so. Gayya ta ja baya, maganin feshi da injin huɗa sun rage buƙatarta, mai gangar noma kuwa in ba gayya ina zai kaɗa? A ɗaya gefen kuma kowa ya zama mai ɗaukar hoto. In ana wasa sai ka ga wayoyi sun fi hamsin a sama, har mawaƙi ba ya ganin fuskar wanda yake wasawa. Wani zai ce to ai buƙata ta biya, abin da nake yi ni kaɗai yanzu jama'a duka suna yi. Ni ban gamsu ba. Abin da ake ɗauka da waya daƙiƙa talatin ne ko minti ɗaya, daidai inda aka yi abin dariya, a tura WhatsApp ko TikTok, ba sunan mawaƙi, ba sunan gari, ba shekara. Bayan wata biyu waya ta cika a goge, ko ta faɗa ruwa, ko a sace. Ko hawan salla na Kano, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, dubi hotunansa da ake yaɗawa: dawaki ne da mahaya. Masu kakaki da algaita da tambari, waɗanda in ba su hawan zai zama sukuwa ce kawai, sai dai ka hango su a gefe. Haka nake gani a hawan Sarkin Rano, Autan Bawo, duk shekara, shi ya sa ni nakan bar wa jama'a dawakin in bi masu busa.

Damuwata a yanzu ita ce kasusuwan kansu. Zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son laima, mu kuwa Allah ya hore mana duka biyun. Da damina fumfuna takan kama shi ya yi fari-fari, in ka saka a na'ura ya manne ko ya tsinke. Na'urar kallon ma ta zama abin nema, domin kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina tun 2016, masu gyaranta a Kano kuma kullum raguwa suke yi. Hanya ɗaya ce, a juye su cikin kwamfuta, kuma juyin ba ya gaggawa: kaset na awa uku sai ya ci awa uku cur, in wuta ta ɗauke a tsakiya a koma farko. Na daina ɗauka da M9000 tun 2011, na koma ƙaramar kyamara mai memori, amma abin da na tara kafin nan kaset 74 ne. Na juye 31. Guda 9 sun riga sun mutu, cikinsu har da wasan wata tsohuwa mai shantu da ba na jin akwai wanda ya taɓa ɗaukarta in ban da ƙanwata.

A nan ne nake da magana da 'yan'uwana marubuta, musamman matasa da ke cewa ba su san abin da za su rubuta a kai ba. Hoto ba ya faɗin sunan kowa. Ni na san wane ne a cikin kowane kaset, na san wanda ake wa zambo da dalilin zambon, na san ma'anar wasu kalmomin noma da na fawa da suka fita daga bakin yaran yanzu, amma wannan sani a kaina yake, ba a cikin kaset ba. Na fara bin su ɗaya bayan ɗaya da littafin rubutu mai layi, ina rubuta rana da gari da sunan mawaƙi da na makaɗansa da na 'yan amshi, sannan in rubuta waƙar baiti-baiti, inda ban ji ba in hau babur in je in tambayi tsofaffin wurin tun suna nan. Minti goma na waƙa yakan ci mini yamma guda. Ɗalibaina biyu na aji shida suna taya ni ranar Asabar, ɗaya yana tsayar da hoto ɗaya yana rubutu, kuma har sun fara gardama da ni a kan inda ɗan waƙa ya ƙare da inda wani ya fara. Mun gama littafi na uku a hutun da ya wuce. Kaset na 32, wasan 'yan tauri ne da na ɗauka a Rurum a 2007, na goge shi na ajiye a kan tebur, muna jiran ranar da wuta za ta zauna awa uku.